Shida Cikin Goma Sun Ce Ya Sauka

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar taki? Ya maigidan da yara, da 'yar jikar nan taki mai ƙwace waya? Saboda ita, da kuma kunnen nan naki da ya fara nauyi, na ga gara in koma rubutu kamar da.

Abin da kika ji a rediyo haka yake, mun sha kaye a zaɓe. Kujeru arba'in da ɗaya jam'iyyar maigidana Malam take da su a majalisa, yanzu saura goma sha tara. Tasa kujerar ma ta tafi, wani matashi mai kamfanin gine-gine ya karɓe. Shekara goma sha ɗaya yana shugabancin jam'iyyar ma'aikata, yana faɗa a kan albashi da kuɗin haya da asibitin gwamnati, ga inda aka tsaya. Kin aiko a tambaye ni ko muna iya cin abinci. Yaya, muna ci, har ƙari muke yi. Da kunya nake rubuta wannan, amma na manta rabon da in samu kwanciyar hankali irin ta kwana taran nan.

Kwana biyun farko a falo ya yi su, yana zaune da jar hular nan tasa a kan gwiwa. Rana ta uku na fito na tarar da shi durƙushe ƙarƙashin famfon kicin, wanda ya shekara biyu yana ɗiga. Bai gyara ba, ƙara ɓata shi ya yi har sai da muka kira mai gyara, amma na ji daɗin ganinsa a wurin. Yanzu tare muke karyawa. Ashe bai ma san na daina sa sukari a shayi ba.

A kantin maganin da nake aiki kuwa, ba a zancen kowa sai nasa. Kin san ban taɓa hawa dandamali ba, hotona bai taɓa fita a jarida ba, ga kantin nesa da unguwarmu, don haka ban da mai kantin babu wanda ya san matar wa ce ni. Ina zuba ƙwayoyi a leda ana cin naman mijina a gabana. Wani direban bas da ya zo sayen maganin tari ya ce Mai Jar Hula mutumin kirki ne, ko allura bai taɓa ɗauka ba, amma in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara ba ka tarihin agogo. Sai da na juya baya kamar ina neman wani abu a kanta, don dariya ta kusa tona mini asiri. Wani kuma mai kwat da jaka ya ce Allah ya raba su da ɗan gurguzu, da ya ci da ya raba wa 'yan haya gidajen mutane. Shi kam na miƙa masa maganinsa ban ce Allah ya ƙara sauƙi ba, Allah ya yafe mini.

Wadda ta tsaya mini a rai wata dattijuwa ce mai sharar ofisoshi, mai zuwa karɓar maganin ciwon suga. Ta ce albarkacin Mai Jar Hula ne yau in ta kwanta ciwo ba a yanke mata albashi, ta yi ta sa masa albarka har idonta ya kawo ruwa. Na tambaye ta ko shi ta zaɓa. Ta ce a'a, ɗanta ya shekara uku babu aiki, 'yan ɗaya jam'iyyar kuwa sun ce za su buɗe masana'anta. Ban kai wa Malam wannan labarin ba.

Ki gaida mutanen gida duka. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi in kin zauna.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na yi murna da kumburin ya sauka. Ina gaida maigidan, da fatan murar ta sake shi. Yau da laifi na zo miki, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Makon jiya ina hutun rana a bayan kanti sai wata ta bugo mini waya daga kamfanin nan mai jin ra'ayin jama'a. Lambobi suke ɗauka barkatai, ba ta san da wa take magana ba. Ta tambayi shekaruna da aikina, sannan ta ce ko ina ganin shugaban jam'iyyar ma'aikata mai gaskiya ne. Na ce ƙwarai. Ko ya damu da talaka? Na ce fiye da yadda ya damu da kansa, ta ce don Allah e ko a'a kawai. Daga nan ta ce ya ci gaba da shugabanci ko ya sauka. Yaya, bakina ya riga tunanina. Na ce ya sauka.

Ranar Litinin jarida ta buga sakamakon. Bakwai cikin goma sun ce mai gaskiya ne, shida cikin goma sun ce ya sauka. A kan teburin karin kumallo ya karanta, ya ajiye jaridar ya ce zai so ya ga fuskar waɗannan shidan. Ina tsaye a kansa ina zuba masa shayi.

Tun daga ranar gidan ya sake cika. Sakataren jam'iyya yakan zo da yamma da 'yan kwamiti huɗu ko biyar, su zauna a falo suna ce masa jaridar ta masu kuɗi ce, sayen alƙaluman aka yi, talakawa suna nan tare da shi. Saura mako uku babban taron jam'iyya, a nan za a yanke ko ya ci gaba. Ya fara rubuta jawabi, jiya na leƙa ya kai shafi goma sha ɗaya.

Kullum da safe nake auna masa jini. Bayan zaɓe jinin ya sauka har na yi mamaki, yanzu ya fara hawa kuma. Ba ki manta shekarar da ya faɗi a matakalar ofis ba, aka gaya wa 'yan jarida gajiya ce, alhali kwana uku na yi a kujerar asibiti ina kallon ƙirjinsa. Ba na so in koma waccan kujerar. Amma ba don wannan kaɗai na ce ya sauka ba. Akwai shugabar ƙungiyar ma'aikatan jinya, wadda kowa ke ce wa Sista. Na ga yadda mutane suke yin tsit in ta tashi magana, kamar yadda ake yi wa Malam shekaru goma da suka wuce. Shi yanzu tafi ake yi masa, ba sauraro ba.

Ki ba ni shawara, in faɗa masa ko in bar wa cikina?

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Mu nan sai godiya. Kin ce zaman shekara talatin da huɗu ya wuce a yi ɓoye-ɓoye a kan kiran waya, na kuma bi maganarki.

Ranar Asabar da safe, bayan na cire masa abin awon jini daga hannu, na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Har ke?" Na ce har ni. Ya tashi ya fita, ko hular bai ɗauka ba. Kwana biyu gaisuwa ce kawai take haɗa mu. Bai yi faɗa ba, kin san shi, amma ya koma karyawa a ɗakin karatu, ni kuma na yi ta wanke kwanukan da ba su yi datti ba.

Ranar Talata da misalin ƙarfe goma ina kanti sai ga shi ya shigo, babu hula, ya rufe hanci da baki da takunkumi kamar sauran masu tari. Bai kalle ni ba, ya wuce bencin masu jira ya zauna. Har bayan azahar yana nan. Ya ji wani tela yana cewa jam'iyyar ta zama ta tsofaffi masu tuna yajin aikin da aka yi kafin a haife shi. Ya ji wata malamar makaranta tana cewa ita har gobe shi za ta zaɓa, wata ta amsa mata da cewa ai shi ya sa har gobe za su yi ta faɗuwa. Wani ma ya zauna dab da shi yana rantsuwa cewa Mai Jar Hula yana da gida mai hawa uku a ƙasar waje, ƙanin matarsa ya gani da ido. Malam ya gyaɗa kai kawai. Ni dai sau biyu ina sake duba takardar likita kafin in ba da magani.

Sai ga dattijuwar nan mai shara da na ba ki labari. Bencin ya cika, Malam ya tashi ya ce Baba zo ki zauna. Da muryar ta gane shi. Ta riƙe baki ta ce, "Malam, kai ne?" Ya ce shi ne, ya roƙe ta kada ta ɗaga murya. Suka koma gefen kanta, kusa da ni. Ya tambaye ta ko ta zaɓe shi, ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, ba ta zaɓe shi ba. Ya ce me ya sa.

Ta ce, "Ka yi mana aiki, Allah ya saka maka. Amma ranar da ka zo unguwarmu, awa guda ka yi kana magana, ba ka tambayi kowa komai ba. Da ka tambaye ni, da na gaya maka zancen ɗana."

Ya tambayi sana'ar ɗan, ta ce walda ya koya. Ya ari birona ya rubuta lambarta a bayan wani kwalin magani. A nan ta gane akwai wani abu tsakaninmu, ta dube ni ta dube shi, ta ce ashe duk watannin nan a gaban matar gida take zuba.

Ya jira har na tashi aiki. Muka hau bas tare, shi ya riƙe mini jaka. Sai da muka kusa sauka ya ce shafi goma sha ɗaya ya rubuta, babu ɗan matar nan ko a layi ɗaya. Washegari ya dawo teburin karin kumallo.

Ki taya mu da addu'a, taron saura kwana takwas.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya tawa,

Gaisuwa da fatan alheri a gare ki da maigidan da yara. Na ji an ce kin fara zagaya tsakar gida babu sanda, Allah ya ƙara lafiya.

An yi taro, kuma wannan karon na je, na zauna can baya. Malam ya tashi ya gode wa kowa, ya ce kayen nasa ne, kada a ɗora wa jarida ko masu kuɗi ko mutanen da suka ƙi zaɓensu, domin mutane ba su yi laifi ba don sun zaɓi abin da suke ganin zai fisshe su. Ya ce ya sauka. Wasu suka yi ta kiran a'a, Sakatare ya fita daga zauren, har yau bai sake taka gidanmu ba, kuma na san abin yana damun Malam don tare suka faro. Aka kaɗa ƙuri'a, Sista ta ci da ɗan rinjaye. Da aka tashi ta ratso mutane ta zo har inda nake ta gaishe ni, ban san wa ya nuna mata ni ba.

Abin dariya, tunda ya sauka kowa ya zama masoyinsa. Jaridar da ta shekara goma tana zana shi da ƙaton baki ta rubuta cewa samun irinsa sai an tona. Mai kwat ɗin nan ya dawo kanti yana cewa shi dama can ya san mutumin dattijo ne. Wannan karon na ce masa Allah ya ƙara sauƙi.

Yanzu Litinin da Laraba yana zuwa ofishin ƙungiyar ƙwadago. Sun ba shi tebur a bakin ƙofa, duk wanda aka kora daga aiki ba bisa ƙa'ida ba, ko yake neman aiki, ya zauna ya faɗi damuwarsa, Malam ya rubuta masa takarda. Ɗan dattijuwar nan shi ne na farko. Bai samu aikin dindindin ba tukuna, gwajin wata uku aka ɗauke shi a wani garejin gyaran motoci, amma uwar ta zo ta gaya mini kullum da sassafe yake fita.

Ba zan ce miki ya warke sarai ba. Wani lokaci in Sista tana magana a rediyo sai in ga leɓensa yana motsi, yana gyara mata jimla. Akwai safiyar da ya sa kaya tsaf ya tsaya a bakin taga yana jiran motar jam'iyya, sai da ya tuna da kansa. Na miƙa masa kwando muka tafi kasuwa tare. Jininsa dai ya daidaita, barcinsa ma haka.

Ga babban labarin. Jiya ya dawo da tikitin jirgin ƙasa guda biyu, ba tare da na roƙa ba. Ya ce kunya ta ishe shi, jikarki ta yi wayo bai taɓa ganin ta ba. Muna tafe ranar goma sha biyu ga wata, mako biyu za mu yi. Ki sa a gyara mana ɗakin baƙi, kuma gishiri kaɗan a abincinsa. Ki ja wa maigidan kunne kada ya tayar masa da zancen siyasa a ranar farko, a bar shi ya huta. Rana ta biyu ba sai kowa ya tayar ba.

Sai mun zo.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta