Goron gidanmu ne Farfesa ya gwada

Assalamu alaikum masu karatu. Malam Edita, a taimaka a sakaya sunana. Don Allah 'yan'uwa ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni haifaffen Sabo ne a Ibadan, mahaifina maigida ne a harkar goro, fatake daga Arewa a wurinsa suke sauka. Da ƙyar ya yarda na yi boko, malaminsa ne ma ya sa baki. Yanzu ina karatun kemistiri a babbar kwalejin garin nan, ƙarƙashin wani Farfesa Bature wanda aikinsa fitar da sinadaran da ke cikin itatuwa, ya daɗe yana fama da ɓawon maɗaci. Mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗansa, har ya ce zai nema mini gurbi a Ingila in na gama.

Kwanakin baya ya ce yana son ya duba abin da ke cikin goro mai hana barci, ni kuwa da murnata na ɗebo masa daga shagon Baba. Da muka gwada sai ga wani abu daban ya fito, muka sake, ya sake fitowa. Ashe maganin ƙwarin da manoma ke fesa wa itacen koko ne. Farfesa ya ce dafi ne, a hankali yake taruwa a jikin mutum.

Na sami Baba bayan la'asar na gaya masa. Bai musa ba. Ya ce kowa a layin yana barbaɗawa, in ba haka ba tsutsar sankara za ta cinye huhun goro kafin jirgin ƙasa ya kai Kano. Da na matsa sai ya tashi tsaye, wai ya kai ni boko ne don in zo in rufe masa gida? Ya ce in maganar ta fita ta bakina, in nemi wani uban. Tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa sai da ka.

Shi kuma Farfesa ya ce ba zai yi shiru ba, zai sanar da hukumar lafiya, zai kuma buga binciken da sunana kusa da nasa. Wai ba zai ambaci gidanmu ba. Amma duk Sabo ni kaɗai ne a kwalejin nan, wa zai kasa ganewa? In na ce a cire sunana, na san Ingila ta wuce ni, kuma binciken zai fita duk da haka.

Ranar Alhamis za a yi wa fatake lodi, goron suna ne da na ɗaurin aure, bakin mutane zai shiga. Kuma Baba ya aiko ƙanena wai ni zan raka kayan tasha. In je ko kada in je? Ku da kuke da iyaye, yaya zan yi?