Ƙofar da Dieter Ya Hana Ɗagawa

Kawu Verlin,

Tun yaushe ake tsare mutum a bukkar gumi, inda muke addu'a cikin tururi, bayan ya nemi a buɗe? Yi haƙuri, na tsallake gaisuwa. Ya ƙafar Kaka Leona? Ya sanyin Rosebud? Ni lafiya lau nake a Jamus, hannun ma ya fara warkewa.

Wani Bajamushe, Dieter, ya ɗauke ni aikin gasa masa duwatsun da ake zuba wa ruwa su yi tururi. Ya kafa irin bukkar gumin al'adarmu a bayan gidansa, wai kai ka ba shi izini da ya zo wajenmu. Ran Asabar ina bakin wuta, na ji wata mata a ciki ta ce, "Dukkan dangina." Kowa a gida ya san da an faɗi haka ake ɗaga ƙofa. Dieter ya ce, "Daure, tsoronki ne ke fita." Ta sake faɗa, murya na shaƙewa. Na yar da shebur na yaye bargunan da suka rufe ƙofar, tururi ya ƙone mini hannu. Na tarar ta suma, da ƙyar ta farfaɗo.

Dieter ya ce wai na ɓata masa ibada. Na ce, "Addu'a ake shiga yi, mai gemun akuya, ba gasar jarumta ba." Ya kore ni. A ɗakin wani nake raɓewa, kada Kaka ta ji.

A aiko mini busasshen nama in an samu mai zuwa. Mahalicci ya tsare ku.

Asabar mai zuwa zai sake rufe mutane da sunanka, Kawu. Ka miƙe gaban dattawa ka faɗa kowa ya ji: ka ba shi izini, ko ƙarya yake?

Ɗanka,
Orrin