Gefen Dama a Tsohuwar Magaza

Asabar, 4 ga Nuwamba 2006

Saƙo ya iso daga Ispaniya, hannun wani ɗan Bazaga da ya zo ganin gida. Daga Lurwanu. A baki ba ni faɗin sunanshi, ɗan fari ne, amma takarda ba ta da kunya. Shekara huɗu da wata biyu rabona da shi.

Uwarshi Ramatu ta samu bargo da turare. Ni kuwa Mas'udu, da na ɗauki buhun siminti shekara ashirin da shida a luzin Malbaza, masana'antar siminti, har bayana ya lanƙwashe, abin wasa anka aiko mini. Wasu faya-fayai biyu masu mariƙi, duk huji, da gwangwani biyu na ƙwallo rawaya, uku-uku a ciki. Raketi sunansu, wasan kuma padel. Gidan wasan yaron yake aiki, yana shara da goge gilas. Wasiƙa ta ce: "Baba ka koya. In Allah ya so babbar salla ina tahe, ni da kai gefe guda za mu tsaya."

Sau tara na karanta layin nan. Na bar lakwal a aji huɗu, sai yau ta biya ni.

Ramatu ta gwada fifita wuta da raketi ɗaya. Ta ce ko a mafici bai ci ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Na kai wa Muttaƙa kafinta raketin biyu. Munka duba, munka yarda gara ce ta ci su a hanya. Ya ce bai taɓa ganin garar da ke ci layi-layi ba, na ce ta Turai ce, ta yi lakwal. Ya cike hujin ɗaya da garin katako da gam, ya goge sumul. Na yi mishi godiya sosai.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Yaron ya kira ta salular Seyni, tsohon jandarman da ke bayan gidana. Na ba shi labarin gyaran da munka yi, ina jiran yabo. Shiru. Na zaci layi ya yanke, ashe dariya ce ta hana shi numfashi. Hujin da gangan ne, don iska ta wuce, hannu ya yi sauƙi. Dariyar ba ta canza ba, irin ta ranar da jakin Alkasum ya kada ni a kasuwa. Da na san haka da na cike duka biyun.

Ya faɗi ƙa'idoji, na rubuta a bayan takardar buhun siminti. Fili mita ashirin a goma, raga a tsakiya, bango a baya da gefe. Mai farawa ya buga ƙwallo ƙasa tukuna, ya doke ta ƙasa da ƙugu, ta tsallaka a karkace zuwa ɗakin abokin gaba. In ta taɓa ƙasa sau biyu a gefenka, ka faɗi. In ka aika ta ta bugi bangon mutane kafin ƙasa, ka faɗi. Amma in ta taɓa ƙasa sau ɗaya ta bugi bangonka ta dawo, tana da rai. Igiyar mariƙi dole a wuyan hannu. Ƙirga kuma sha biyar, talatin, arba'in. Na tambaye shi ina ashirin ta tahi, ya ce shi ma bai same ta ba.

Ta ƙarshe: mutum huɗu ake yi, biyu-biyu. Ya ce in ɗauki hagu, dama tashi ce.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Na gwada da bangon gida. Laka ba ta maida ƙwallo, karɓa take kamar sadaka. Na kuma ɓantare yaɓen ɗakin Ramatu. Ta ce in ƙara ɗaya in gani.

Seyni ne ya tuna da tsohuwar magaza, ɗakin ajiyar wake, da iska ta ɗauke wa rufi. Bangon bulo huɗu, daɓen siminti. Na auna da ƙafa, ta gaza ta Turawa da taku uku. Mu ma mun gaza Turawan. Munka share kashin awaki, munka ja layi da farar ƙasa, raga kuma gidan sauron Seyni na aikin jandarma. Muttaƙa ya tone abin da ya cike, ya sassaƙa wasu raketi biyu na katako, ya huda su da kanshi yana tsaki.

Gwangwani ɗaya na buɗe. Ɗayan na sa ƙasan adakar tufafi, sai ya zo.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Gwiwa. Ramatu ta shafa mini man zafi.

Lahadi, 3 ga Disamba

Kullum bayan la'asar, mu uku: Seyni da Muttaƙa can, ni kaɗai nan. Ina tsare hagu, dama na bar ta fayau. Duk ƙwallon da ta faɗa can sai in ce ta mai wurin ce, a rubuta mishi. Seyni ya ce bai taɓa cin wanda ke Ispaniya da yawa haka ba.

Abin da ya gagare ni shi ne bango. Ƙwallo in ta taho da ƙarfi, jikina tare ta yake so, kamar akuya za ta shiga rumbu. Yaron ya ce a'a, kauce, bar ta ta wuce, juya da ita, bango zai miƙo maka ita a hankali. Yau sau ɗaya na iya. Na kauce, ta wuce, ta dawo daidai hannuna, na ɗaga ta sama bayan Muttaƙa. Na juya dama in ga ko an gani.

Talata, 12 ga Disamba

Illo ya zo bakin magaza. Kwana uku ke nan yana zuwa, ya tsaya jikin ƙofa da hularshi a hannu. In ƙwallo ta fita shi ke ɗauko ta.

In rubuta don takarda ta sani. Illo direban kamiyo ne, babbar motar siminti, tare munka yi kaciya, shi ya riƙe mini rago ranar sunan Lurwanu. Shi ne kuma ya ɗauki yaron a kamiyonshi har Agadas ba da sanina ba, na tashi na iske tabarma a naɗe. Tun ranar, gaisuwar masallaci kawai ke tsakaninmu, ita ma don liman na kallo.

Seyni ya ce, "Mas'udu, ga mutum na huɗu Allah ya kawo, ga raketi na kwance."

Na ce wurin da mai shi. Illo ya ajiye ƙwallon bakin layi ya tahi. Ya rame. Ba ruwana.

Asabar, 16 ga Disamba

Na sayi rago, ƙahonshi ɗaya a karkace, ya yi kama da ni. Ramatu ta sa an yi wa ɗakin yaron sabon daɓe. Ƙwallayen nan uku sun yi sanƙo, ba su tashi sai da roƙo. Muttaƙa ya ce a buɗe ɗaya gwangwanin. Na ce ya buɗe bakinshi ya sha iska.

Ina gwada wani bugu da yaron ya ce sunanshi faranti, a ɗaga raketi a shimfiɗe kamar mai kai wa baƙo shayi, a sauke ƙwallo can kusurwa. Ina so ya iske na iya ko guda.

Laraba, 20 ga Disamba

Ya kira. Tun daga sallama na ji.

Katin zamanshi na can buro, ofishin hukuma, ana sabuntawa, bai fito ba. In ya fita yanzu ba shi komawa. Sai baɗi, in Allah ya so. Na ce to ai gara, dama ban gama koyon faranti ba, kar ya zo ya kunyata ni gaban Seyni. Ya yi dariya, amma ba waccan ba.

Sai ya tambayi wa ke tsaya mini dama. Na ce ba kowa. Ya ce ai ba a padel da uku, wanda ba shi da abokin gefe gudu kawai yake, ba wasa ba. Biyun tare suke matsawa raga, tare suke ja da baya, kamar an ɗaure su da igiya.

"Baba, ka bar Baba Illo ya riƙe mini. Sau uku ya tsaida mota a hanyar Agadas ya ce in sauka mu koma. Da na ƙi, ya tuɓe rigar sanyinshi ya ba ni. Tana nan har yau."

Na ce layin ba shi da kyau, ba ni ji. Seyni na tsaye kaina, ya san layin lafiya lau. Na miƙa mishi salula.

Ramatu ta ce, "Malam, yaron nan ba shi zuwa ko?" Na ce takarda ce. Ta koma ta ci gaba da tankaɗen da ta riga ta gama.

Asabar, 23 ga Disamba

Ban je magaza ba. Gwiwa, na ce musu.

Lahadi, 31 ga Disamba

Salla. Mun yanka mai ƙahon. Wajen fiɗa na ce wa Ramatu ta kira yaron ya riƙe mini ƙafa, sai da maganar ta fita na ji ta. Ta yi kamar tana neman wuƙa.

Ita ta raba nama. Na ga cinya ta nufi gidan Illo a kwano mai murfi. Ban gani ba.

Lahadi, 7 ga Janairu 2007

Na koma magaza, don Seyni ya dame ni. Mun ci Seyni da Muttaƙa shida da huɗu. Na ce mun, don Seyni ne ya miƙa wa wani raketi, ni ina ɗaure takalmi. Na dai ce a ba shi mai kyau, ba na katako ba, kuma ya sa igiya a hannu, ƙa'ida ce.

Bai iya komi ba. Tare ƙwallo yake kamar akuya za ta shiga rumbu. Sai da na yi ta ce mishi kauce, Illo, bar ta ta wuce, bango zai kawo. In na matsa raga sai in ji shi ya matso. Wannan kam bai buƙaci koyo ba. Da na yi faranti ta faɗa kusurwa, na juya dama, yana kallo.

Tsoffin ƙwallayen sun mutu sarai, dole na buɗe gwangwanin adaka. Da na ja murfin ya yi fuss. Illo ya ce iskar Ispaniya ce. Munka sa hanci mu biyu kamar mahaukata, warin roba ne kawai. Shi ya daɗe bai ɗago ba.

Riƙo ne, na faɗa mishi, ranar da mai wuri ya zo zai koma bakin ƙofa. Ya ce ya ji. Gobe bayan la'asar. In tuna in kai mishi man zafi.