Fasfon Rahim

Laraba da dare, unguwar Setapak a Malaysia, ana cikin kullen korona.

Na kalli wani tsohon fim: masu ɗinki sun kafa ƙungiya, mai kamfani ya turo musu 'yan daba. Da zafina na ba Rahim labarin daga bakin ƙofa, maƙwabcina ɗan Bangladesh mai ɗinka takunkumi a wani kamfani. Tun Lahadi yake tari, an ce ya zo aiki ko a kore shi.

Na ce, "Ku haɗa kai mana, ku ƙi zuwa!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Malam, su ma fasfonsu yana durowar maigida?"

Gaskiyarsa. Nawa yana ƙarƙashin filona, shi ya sa nake da baki. Na dafa masa citta, na ajiye a ƙofarsa. Da asuba motar kamfani za ta zo, kuma zai shiga.