Babu Sunan Baba a Takardar

Yaya,

Ina gaishe ka da kowa na gida. Ya jikin Baba? Ya Umma da yara? Ni lafiya ƙalau, na dai ɗan rame, kada Umma ta ji.

Ka san na shigar da takardar neman rajistar famfon da muka ƙera da Baba, don kada wani ya kwaikwaya. Jiya lauyata ta kira ni ofis, ta turo mini takardar, ta ce, "Kai kaɗai ka ƙirƙiro shi?" Yaya, a gurbin masu ƙirƙira sunana kaɗai na rubuta. Wallahi gaggawa ce. Na bar Baba, mutumin da ya shekara shida yana gwaji a garejinsa!

Ta ce zai gyaru, amma sai Baba ya sa hannu kafin ƙarshen wata, in ba haka ba rajistar na iya rushewa.

Ga fom ɗin nan a ciki. Na san hannunsa na rawa, a bar shi ya rubuta a hankali. In ya tambayi dalili, kada ka rufa mini. Faɗa masa gaskiya, ni sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Ƙaninka.