Kwalayenka ba a raba su ba

Zuwa ga Baban Nana,

Sallama irin wadda ba a amsawa. Na san ba mai kai takarda inda kake, amma in ban faɗa maka ba cikina zai fashe.

Nana ta fara tafiya. Geron da ka shuka ya yi kai, Inna kuwa har yau ba ta bin ta ƙofar ɗakinmu.

Haushinka nake ji, kuma ba zan ɓoye ba. Me ya hana ka bari direba ya kawo maka kayan nan? Ka ce za a jefa shi cikin buhunan wake ya karye, gara ka je Ɗan Issa da kanka ka karɓo. Ka je ka karɓo ɗin. Da la'asar 'yan bindiga suka tare ka a hanya, suka harbe ka a wuya, suka ƙara da adda, sai ka ce wanda ya kashe musu uba. Da jandarma suka kawo ka, rigarka ta bushe ƙamas da jini. Ban yi kuka a ranar ba. Tsayawa na yi ina roƙon Allah Ya hana waɗannan mutanen mutuwar sauƙi, Ya sa kuraye su ci su da ransu. Har yau ban janye ba.

Sun ɗauki babur da waya. Kart grafik ɗin da ka mutu dominsa kuwa, katin nan mai fito da hoto a ordinatar, sun buɗe kwalin, sun ga fankoki, suka jefar a kunyar gona. Jahilai, abin da ya fi babur ɗin tsada suka bari.

Ka tuna yadda nake yi maka tsiya? Kowa yana kai kuɗin gyaɗarsa ga tumaki, kai kana tara kwalaye don ka haɗa ordinatar, kwamfuta ta wasa, wai samarin Madarunfa su riƙa biya suna bugawa. Kowace kaka kwali ɗaya. Ka fara da akwatin wuta, ka ce mai araha shi ke ƙone sauran in wuta ta dawo da ƙarfi. Ka ƙi gidan gilashi mai kyalli, ka ɗauki mummuna mai fankoki da yawa saboda zafin bazara. Ka yi wata kana jayayya da abokinka Isuhu mai gyaran waya a Maraɗi kan wace ƙwaƙwalwa ce za ta zauna a allon da ka saya, don in ba su dace ba, takalmin wani ne a ƙafarka. Ina daka ina gatsine, ashe duk yana shiga kunnena.

To, ga abin da ya faru. Da aka sa ranar rabon gado, Yaya Hamza ya shigo ya ga kwalaye jere a kan gado. Ya ce ai wannan ya zo da sauƙi, kowane magaji ya ɗauki ɗaya ya sayar. Har ya miƙa hannu ga wanda jininka ke jiki.

Baban Nana, ban san lokacin da taɓarya ta zo hannuna ba. Randar da ke kusa da ƙafarsa na fara saukewa, ta tarwatse, ruwa ya jiƙa masa wando. Na gaya masa ta biyu a kan yatsunsa za ta sauka, ta uku a kan kwalayen, kowa ya rasa. Ni, mai takaba, a gaban yayanka. Ya fita yana cewa na haukace. Wataƙila gaskiyarsa. An sare ka gunduwa-gunduwa a hanya ban iya komai ba, shi ne za a sake yi maka haka a ɗakina ina kallo?

Na aika wa Isuhu. Ya zo da sassafe ranar rabon, ya zauna a zaure ya haɗa, hawaye na zuba masa. Katin na ƙarshe na ce a miƙo mini shi tare da gidan ta bayan labule, ni na danna shi har ya ce ƙas. Da Malam ya zo, abu ɗaya ya tarar yana numfashi. Ya ce ba a yanka saniya don a raba ta alhali ana iya yi mata ƙima. Ta faɗa a rabon Nana, 'yan'uwanka suka ɗauki nasu a gona.

Wasan harbin da nake zaginka a kai, na buga shi. Duk wanda na harbe fuskarsu nake sa masa. Bai rage mini komai ba.

Saura abu ɗaya. Da ordinatar ta kunnu, Isuhu ya ce tana neman sunan mai ita. Tun da aka kawo ni gidanka bakina bai taɓa kiran sunanka ba, ko da wasa. Na sha so in kira, kunya ta hana, ina cewa akwai lokaci. Na rubuta shi da yatsa ɗaya, sannan na faɗe shi da ƙarfi, kowa a zaure ya ji.

Lawali. Ka ji ko?

Allah Ya sanyaya maka ƙasa, Ya haɗa mu inda ba a tare hanya.

Matarka, uwar Nana.