Na Fanshi Gonarki ta Bakin Kogi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ramatu.

Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ni ne ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba, sai dai ki ce "mutumin biro", wato mai aikin ofis. Ina rubuto miki daga Gaya. Kogi ya janye, damina ta kusa, a gari ana ta maganar Faransawa za su tafi. Na san ko kina raye ba ki karanta boko. Ƙannena za su karanta a madadinki, kuma ina so su san yadda abin ya gudana daga bakina.

Labarin shi ne gonarki ta shinkafa ta bakin kogi ta dawo hannunmu. Zan faɗa miki yadda ta dawo, da abin da ta ci, domin har yanzu ban tabbatar na yi daidai ba.

Kin san mafarin abin fiye da ni. Ke da ƙawarki Gwaggo Hamsatu kun ƙulla biki tun kuna amare. In an yi suna ko aure a gidanki ta kawo kuɗi, in nata ya zo ki mayar da ninki. Kun fara da dala guda. Sauran mata in abin ya yi nauyi sukan zauna su yanke shi, su koma ƙarami. Ku ba ku taɓa yankewa ba, don babu wadda za ta fara cewa ta gaji.

Shekarar da Gwaggo Hamsatu ta aurar da autarta, kika ba Alhaji Gado mai kamiyo, babbar motar kaya, gonar jingina, ya ba ki kuɗi kika kai. Tun daga ranar shi ke noma ta, shi ke cin shinkafar, sai ran da aka mayar masa da kuɗinsa. Na yi miki magana a lokacin. Kika ce: "Gonar tana nan inda take, ba ta da ƙafa. Amma in na ba Hamsatu kunya a gaban mata, ina zan sa fuskata?"

Ni ma kuwa ba a tsaye nake ba. Mutane suna ganin komi, wato akawu, a biron Kumandan, Bafaranshe mai mulkin gari, da farar riga, suna tsammani kuɗi na kwana a aljihunsa. Nawa ba ya kwana. A kanti akwai bon, ƴar takardar da mutum ke sa wa hannu ya ɗauki kaya, a cire ƙarshen wata. Na sa hannu don sukari, don madarar gwangwani, don yadi, har don fitilar da ba ni bukata. Ranar albashi mai kanti ke fara gaishe ni, sannan dangi daga Bengu, kowa da tasa. Kafin wata ya raba na koma ga bon. A lakkwal, makarantar boko ta Yamai, an koya mini lissafi mai wuya, amma ba a koya mini yadda ake ce wa kawu babu ba.

Bayan rasuwarki na zaci biki ya bi ki. Sai surukarki Rabi ta haifi ƴa, muka sa mata sunanki. Ranar suna Gwaggo Hamsatu ta shigo da jika biyar, maroƙiya ta ɗaga murya ta faɗa wa kowa. Gwaggo ta ɗauki jaririyar ta ce: "Ramatu, kin dawo ke nan? To ga naki, ba mu gama ba." Mata suka yi guɗa. Ni ina zaure, kaina ya riga ya ninka biyar ɗin.

A makon sunan na yanke shawarar in fita daga bashi, kuma na bi abin daki-daki, yadda kika san halina. Na daina sa hannu a kan bon. Na sayar da kekena na biya mai kanti, na koma tafiya biro a ƙasa. Abokan aiki suka riƙa tambaya ko dokina na ƙarfe ya mutu ne, a zo ta'aziyya. Na sayi hatsin shekara da kaka, lokacin da yake da araha, maimakon tiya-tiya da damina. Dangi na ware musu rabonsu, in ya ƙare na ce ya ƙare. Kawu Mamman ya ce boko ya busar mini da zuciya. Wataƙila yana da gaskiya. Abin da ya rage kowane wata Rabi ke ɓoyewa, a inda ni kaina ban sani ba, don na fi kowa sanin hannuna.

Haka muka yi kaka biyu. A ta uku abin da muka tara ya kai kuɗin jingina, da rarar jika biyar a kai.

Kin san ƙa'idar jingina. Ana fansar gona bayan an yanke shinkafa, kafin mai riƙe da ita ya sa a yi mata shara. In ya riga ya taɓa ƙasa, sai wata shekara. A daidai wannan ɗan tsakanin aka sa ranar auren jikar Gwaggo Hamsatu. Ninki jika goma ne. In na kai goma, kuɗin gona ba su cika ba. In na fanshi gona, biyar kawai zan iya kaiwa, daidai abin da ta kawo. Kuma kowace mace a Gaya ta san ma'anar mayar da daidai: an yanke biki.

Na je gidanta da goro kafin ranar, don kada ta fara ji a bakin maroƙiya. Na daɗe ina gaisuwa har ta kira ni da kirar Faransawa, ta ce: "Mushe, in takardar haraji ka kawo, fito da ita mana." Na yi mata bayani a tsare, kamar ina gaban Kumandan. Ta saurara tana tsince shinkafa a faifai. Da na gama ta ce: "Uwarka ba ta taɓa ce mini ya yi nauyi ba." Na fito ban san ko izini ta ba ni ko hani ba.

Rabi ce ta kai kuɗin, ita ta sha kunyar. Ta ce da maroƙiya ta ce "gidan marigayiya Ramatu, jika biyar", sai mata suka juyo suka dube ta. Wata daga baya ta ce: "Ashe albashin Nasara ma yana ramewa?" Aka yi dariya. Gwaggo ta karɓa ta ce an gode, ta juya ga mai bi. Daga ranar in sun haɗu da Rabi a kasuwa, sai ta tsaya tana taya kifin da ba za ta saya ba.

Kashegari na kai wa Alhaji Gado kuɗinsa a gaban shaidu. Ya ƙirga, ya yi dariya ya ce: "Mushe, da ka ƙara mako guda da ka tarar da ƴan ƙwadagona a ciki." Sannan ya ƙara da cewa, kamar ba komai ba: "To, saura ta maƙwabciyarku." Na tambaye shi wace. Ya ce ta Hamsatu mana, wadda ke jikin taku, ai tun sunan ƴarka take hannuna.

Inna, jika biyar ɗin da ta kawo ranar sunan takwararki, gonarta ta jinginar ta samo su. Ku biyu kuna ta kare wa juna fuska, mutum guda yana cin shinkafarku duka. Kuma da na kai mata goma, da ta biya hidimar aure ta fanshi tata. Da biyar ɗina ba ta iya ba. Na juya wannan lissafi ta kowace fuska. In na ninka, tata ta dawo, taki ta zauna, sannan wata rana ita za ta nemo ashirin. Lissafin ya ce na yi daidai. Amma lissafin bai san ita ce ta wanke ki ranar da kika rasu ba.

Na yi niyyar zuwa wurinta sau da yawa, ƙafata ta ƙi.

Shekaranjiya da hantsi sai ga ta da kanta, da ƙwarya a kai. Ba ta zauna ba. Ta sauke a gabana, na ga irin shinkafa ne, jan nan mai bin ruwa. Ta ce: "Irin uwarka ne, ita ta ba ni. Bana ma ba ni da inda zan zuba shi. Kuma kada ka auna, Mushe, na san halinka."

Ban auna ba, ko da yake idona ya riga ya auna. Na ce mata gonar ta fi ƙarfin mutumin biro, ta ɗauki rabin da ke wajen kogi ta noma har ta fanshi tata. Ta dube ni ta ce: "Biki ne ko aro?" Na ce aro ne, Gwaggo. Ta ce: "To. Aro ba ya ninkuwa." Sai ta zauna, ta ce a miƙo mata Ramatu ta ga ko ta fara rashin kunya.

Yau ba wanda ke bi na ko dala, Inna. Na zaci zan ji daɗi fiye da haka. Abin da na ji kawai shi ne na bi ta gaban kanti ban sauya hanya ba. Jiya na je gonar na tsaya a inda kike ajiye tulunki, ƙarƙashin giginya. Tana nan inda take, kamar yadda kika ce. Ke ce ba ki nan.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa babu haƙƙin kowa a wuyanki. Allah Ya ba Gwaggo Hamsatu damina mai albarka, Ya mayar mata da tata gonar tun tana da ƙarfin shiga ruwa. In kuwa na ba ki kunya a gaban mata, ki yafe mini.

Ni ne naki,
mutumin biro.